Baban Abba, Sauko da Kwalin Nan, Amma Ka Nemo Hannu na Biyu

Wasiƙar wannan makon daga Gombe ta zo. Na taƙaita ta, na kuma sakaya sunan mai ita kamar yadda ya roƙa.

"Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Jekadafari, shekaruna 41, sana'ata ɗinki. Babban ɗana shekararsa 13. Tun bara ya kamu da wani gem na harbe-harbe a wayar mahaifiyarsa, irin wanda ake yi da data. A kira shi sau uku bai amsa ba, a kira salla ya ce saura kaɗan. Watan jiya muka gano ya cire naira dubu tara daga asusunta ya sayi wasu tarkace a cikin gem ɗin. Na yi masa dukan da ban taɓa yi masa ba, na hana shi taɓa waya. Yau sati biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu, in na shigo falo sai ya tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne ni ma na yi. Sau nawa na danne canjin cefane na kai shagon gem. Har yanzu ina da tsohuwar na'urar gem ɗina, PS2, a kwali a saman sif. Zuciyata tana raya mini in sauko da ita mu riƙa bugawa tare, amma yayana ya ce ƙara wa wuta fetur ne, kuma zubar da girma ne ga mai gemu. Sannan anya yaron da ya saba da na zamani zai kalli gem ɗin da ya girme shi? Baban Abba."

Wa alaikumus salam, Baban Abba. Allah ya sanyaya maka, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Sauko da ita. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta karatu gabanka na faɗuwa kana jiran hukunci. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi kwalin nauyi: kada ka kunna ta sai ka tabbata hannun gem biyu ne a gidan, kuma duka biyun suna aiki. In hannu ɗaya ka jona ka miƙa wa yaro ka koma shago, to Bappansa ya yi gaskiya, waya ka ƙwace ka musanya masa da talabijin.

Bari mu fara da "saura kaɗan" ɗin nan da ke ƙona maka rai, domin ina jin ba ka san abin da ke bayanta ba. Yaron ba ƙarya yake yi ba, kuma ba lallai raini ne ba. Gem ɗin da ake yi da data ba shi da tsayawa. An jefa su fili ɗaya da wasu mutane masu rai, shi da abokansa biyu ko uku ƙungiya guda ne, kuma agogo na tafiya ko yana nan ko ba ya nan. In ya ajiye wayar ya amsa kiranka, nan take za a harbe shi, ƙungiyarsa ta faɗi, gobe a makaranta shi ne abin zagi. Ka tuna shagon gem da kake kai canjin cefane. In ƙaninka ya leƙo ya ce Baba na kira, me kake yi? Ka danna Start, 'yan wasa su sandare a inda suke, ƙwallo ta tsaya a sama, ka je ka dawo ka tarar da ita tana jiranka. Wannan maɓalli guda shi ne babban abin da ke tsakanin gem ɗinka da nasa. Naka yana jiran gida, nasa gida ke jiransa.

Dubu taran ma ba daga sama ta faɗo ba. Gem ɗin waya kyauta ake saukewa, amma waɗanda suka ƙera shi ba sadaka suke yi ba. Kuɗinsu yana cikin rigar da za a sayar wa ɗan aljanin da ke gudu a allo, da fentin bindiga, da akwatin sa'a da za ka biya ka buɗe ba ka san abin da ke ciki ba. Suna ba da kyauta ga wanda ya shiga kullum, wanda ya yi fashin kwana guda ya rasa. Suna fito da kaya su ce sati biyu kawai za su yi a kasuwa. Akwatin sa'ar nan, hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba shi a 2018 ta ce caca ne, aka hana sayar da shi a ƙasar. Manya ne masu digiri suka zauna suka tsara abin nan don ya ja mutum ya dawo, sai ga shi an bar ɗan shekara 13 shi kaɗai da su a lungun ɗaki, ga asusun uwarsa a buɗe a cikin wayar. Ban ce bai yi laifi ba, ya yi, za mu zo kansa. Amma ka san da wa ya yi kokawa.

Kada kuma mu yi wa kanmu wankan tsarki. Na da ma sun ci kuɗi. Pac-Man da ya fito a Japan a 1980 don cin kwabbai aka yi shi, mai shagon gem na unguwarku kuma ba don Allah yake kunna janareto ba. Sai dai wanda ke cikin kwalinka an biya kuɗinsa an gama tun kafin ka yi aure. Ba ya neman data, ba ya aiko saƙo da tsakar dare, ba shi da kanti a cikinsa, kuma ba ya fushi in an yi wata ba a taɓa shi ba.

Ni a Bauchi na tashi. A layinmu gida ɗaya ne ke da injin nan mai cin kaset da muke kira famili kom, kwaikwayon Famicom ɗin da Nintendo ta fitar a Japan a 1983. Kaset ɗin rawaya ne, an rubuta masa wasanni 9999 a jiki, amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya guda shida ne ko bakwai ake ta juyawa. In ya ƙi kamawa sai mu zare mu hura masa iska kamar masu tofi. Sai da na girma na gane hurawar ba ta gyara komai, zarewa da mayarwar ce ke sa ƙarafunan su haɗu, damshin baki ma tsatsa yake jawowa. Mu takwas muke jeruwa a tabarma, doka ɗaya ce: rai ɗaya-ɗaya, wanda ya mutu ya miƙa hannu. To ka ga yau in na rufe ido, ba allon nake gani ba. Wani yaro nake gani mai suna Ɗanlami da ba ya iya tsallake rami sai ya ɗaga hannun gem ɗin sama har waya ta zare, da ƙanwar masu gidan da ke tsaye bakin ƙofa tana faɗa mana inda aka ɓoye rai, ita da ba a taɓa ba ta hannu ba. Daɗin gem ɗin rabinsa a tabarmar yake. Shi nake so ka mayar cikin falonka.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda na fi jin daɗinta: anya zai kalla?

Ranar farko dariya zai yi. Zai ce mutanen kamar da gatari aka sassaƙa su. Kada ka kare su, gaskiyarsa ce. Amma kyan hoto shi ne abin da ya fi saurin tsufa a gem, kamar yayin ɗinki, kai ka fi ni sani. Abin da ba ya tsufa shi ne yadda abu ke amsa yatsa, da dokar da ake koya a minti ɗaya a kasa ƙwarewa a shekara. Masu ƙera na da ba su da wurin ɓarna. Super Mario Bros. na 1985, da matakansa 32, duka-duka kilobayit 40 ne, hoto guda da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Wanda yadinsa bai kai ba dole ya iya yanka. Ka dubi matakin farko. Babu rubutu, babu mai bayani. An ajiye ka a hagu, fili a buɗe ta dama, ka san inda za ka nufa. Wani ɗan halitta ya taho a hankali, ko ka tsallake ko ka mutu, ka koyi tsalle ke nan. Ka buga akwati da ka, naman kaza ya fito ya gangara ya bugi bututu ya juyo kanka, da wuya ka kauce masa, ya taɓa ka sai ga ka ƙara girma, ka gane wannan abokin tafiya ne. Cikin rabin minti an karantar da kai komai ba a ce maka uffan ba. Shigeru Miyamoto, mai tsara gem na kamfanin Nintendo, da mutanensa suka tsara haka da gangan, kuma har gobe ana koyar da wannan mataki ga masu son sana'ar.

In kana son hujja mai ƙarfi, ga Tetris. Wani injiniyan kwamfuta, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙire shi a Mosko a 1984, zamanin Tarayyar Sobiyet. Siffofi bakwai ne kacal, kowace da ƙananan murabba'i huɗu, suna zubowa kana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Shi ne dai wanda muka sani a ɗan injin nan mai batir biyu da ake kira birik gem. A watan Disambar 2023 wani yaro a jihar Oklahoma ta Amurka ya buga tsohon Tetris na Nintendo na 1989 har ya kai mataki na 157, gem ɗin ya rikice ya tsaya cak, abin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Shekarunsa 13. Sa'an Abba ne, ya tashi cikin wayoyi da intanet kamar Abba, kuma gem ɗin da ya ba wa zuciyarsa ya girme shi da shekara ashirin da ɗoriya.

Amma Mario da Tetris na mutum ɗaya ne a lokaci guda, kai kuwa abin da zai zaunar da ku kafaɗa da kafaɗa kake nema. Da ni ne, da Tanka zan fara. Asalin sunansa Battle City, kamfanin Namco ya fitar a 1985, mu kuma mun san shi da Tank 1990 na kaset rawaya. Ba ya cikin PS2 ɗinka, amma ƙananan injinan nan masu araha da ake jonawa a talabijin kusan duk suna ɗauke da shi, ka tambaya a shagunan kayan lantarki. Ga dalilina. A Tanka ba faɗa kuke yi da juna ba. Akwai mikiya a ƙasan allo an kewaye ta da bulo, ita ce gidanku, tankokin abokan gaba ashirin za su sauko a kowane mataki, in harsashi guda ya same ta an gama, ko da kuna da sauran rayuka. Dole ɗaya ya tsare gida ɗaya ya fita farauta. Dole a yi magana: tare dama, bar mini tauraron, ɗauko shebur ɗin can ya mayar da bulon ƙarfe. In ka harbi abokinka bisa kuskure sai ya sandare na ɗan lokaci yana kallonka. Kuma wata rana, ba makawa, ɗayanku zai fasa mikiyar da hannunsa. Ina roƙon Allah ya sa kai ne za ka fara, domin yaron da ya yi sati biyar yana ɗauke da laifi shi kaɗai yana bukatar ya ga Babansa ya rusa gida da kuskure, an yi dariya, an danna Start an sake.

Contra ma haka yake, mutum biyu gefe ɗaya, sai dai shi harbi ne tsagwaronsa kuma da wuya. In ka manta sirrinsa, danna sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, kafin a fara, rai uku su koma talatin. Ka koya masa wannan a matsayin gado.

Sannan a zo kan ƙwallo, wadda na tabbata ita ce ta cinye canjin cefanen. In faifan Pro Evolution Soccer 6 na 2006 yana cikin kwalin, ka riƙe shi da kyau, har yau akwai masu rantsuwa Konami, kamfanin da ya ƙera shi, ba ta sake yin kamarsa ba, kuma ina cikinsu. Maɓalli mai alamar akwati bugu, X fasin, mai kusurwa uku a zura wa ɗan gaba, R1 gudu. Shi ke nan, yaro zai kama a wasa ɗaya. Zai ga Cristiano Ronaldo yana ɗan shekara 21 a Manchester United, zai ga Messi ɗan 19 da gashi har wuya a gefen Ronaldinho, zai tambaye ka me ya sa ake kiran Liverpool da Merseyside Red, ka gaya masa kamfanin bai sayi izinin sunan ba. Ka ɗauki Inter ka ba Adriano ƙwallo a ƙafar hagu daga nesa, ka bar shi ya ga abin da ake kira bugu. PS2 tana cin faifan PS1 ma, don haka in ka dace da tsohon gem ɗin ƙwallo Winning Eleven, ka nuna masa Tijani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan Ajax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo mana zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A gem ɗin nan in ya karɓi ƙwallo a gefen dama sai dai a bi shi da addu'a, har yara a ƙasashen da ba su san inda Kaduna take ba sun haddace sunansa saboda gudun. Hira ce wannan da ba ka da ita da ɗanka a yanzu, ga ta a kwali tana shan ƙura.

Wani alherin ƙwallo shi ne tana da busa. Ka saita minti goma, alƙali ya hura, an tashi. "Wasa biyu kafin Isha" magana ce mai kan gado da yaro zai iya riƙewa, ba kamar "ajiye wayar nan" da ke faɗo masa a tsakiyar yaƙi ba.

Kada ka bar shi ya ci ka da gangan. Yara suna ganewa, kuma raini ne. Kada kuma ka zuba masa bakwai da nema kana tsalle a kan kujera. Ka buga tsakaninka da Allah, ka nuna masa inda yake kuskure in ya tambaya, in bai tambaya ba ka yi shiru. Ba na ba ka fiye da sati biyu kafin ya fara lallasa ka, yatsun ɗan 13 ba irin na ɗan 41 ba ne. Ranar da ya ci ka, zai saci kallon fuskarka ya ga ko akwai hadari. Abin da ya gani a ranar shi zai yanke ko gobe zai zauna in ka shigo falo.

Kai tela ne, ka san wani abu da malaman tarbiyya ke wahalar bayyanawa. Yaron shago ba ya faɗa maka damuwarsa in ka zaunar da shi ka zuba masa ido. Sai kuna gefe da gefe, kai kana kan keke shi yana guga, ido na kan aiki, sannan magana ke zubowa da kanta. Allon talabijin haka yake yi. A nan, wata rana tsakanin hutun rabin lokaci, za ka ba shi labarin canjin cefane: nawa ne, wa ya kama ka, me aka yi maka, yadda ka ji. Ban ce ka durƙusa wa ɗanka ba. Amma dukan da ka ce ba ka taɓa yi masa irinsa ba, kai da kanka ka san ya wuce na dubu tara, akwai haushin kanka a ciki. Labarin nan shi ne ban-haƙurin da uba zai iya yi bai sauka daga kujerarsa ba, kuma yaron zai gane.

Kuɗin kuwa bashi ne, a biya. Kada gem ɗin ya zama an shafe maganar, kada kuma a riƙa tayar da ita ana tsakiyar wasa. Ka buɗe masa shafi a littafin shago. Ranar Asabar da hutu ya zo ya yi guga, ya sa maɓalli, ya kai ɗinki, ka yanka masa ladan da kake ba kowane yaro, a riƙa ragewa yana gani da idonsa har ya kai sifiri, ya ɗauki kuɗin da hannunsa ya kai wa mahaifiyarsa, domin ita aka yi wa. Ita kuma Maman Abba ta canza lambobin sirrinta yau ɗin nan, a cire katin banki daga ma'ajiyar manhajojin wayar, a saita ta yadda ba a sayen komai sai da lambar. Ba a barin nama a buɗe a zauna ana zagin mage.

Hana waya kwata-kwata ba zai ɗore ba, gara in gaya maka. Abokansa suna can, kuma wayoyin abokai ba su ƙare ba a Gombe. Tsohuwar PS2 ba za ta maye masa su ba. In bashi ya ƙare, ka yanka masa lokaci a ƙarshen mako, a falo, ba a ɗaki ba. Kuma ko sau ɗaya ka zauna kusa da shi ka ce ya koya maka nasa. Za ka sha kashi, za ka kuma ji da kunnenka su wa yake magana da su, domin irin waɗannan wasanni suna haɗa yara da baƙin da ba wanda ya san shekarunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma abin da take nufi shi ne wanda gem ya ƙwace masa barci da karatu da mu'amala, ya kasa bari duk da ɓarnar da yake gani, na tsawon kamar shekara. Abin da ka rubuto bai kai can ba. In ka ga ya doshi can, likita za a gani.

Gargaɗi guda da bai kamata ka tsallake ba: tsufa ba tsarki ba ne. Masu gyara sukan loda wasanni da yawa a filas su haɗa wa mutum, kuma abin da suka fi lodawa shi ne Grand Theft Auto: San Andreas da God of War, duka na manya ne, 18 aka rubuta musu a Turai. Mortal Kombat da muke ihu a kansa muna yara, jininsa ne ya kai magana gaban majalisar dattawan Amurka a 1993, shekara ta zagayo aka kafa tsarin rubuta shekaru a jikin kwalin gem. Ka zauna ka bi jerin da kanka, abin da ba za ka iya kallo tare da 'yarka ba a goge shi. Ka bar ƙwallo, ka nemo tseren motocin Crash Team Racing na 1999, wanda allo ke rabuwa biyu kowa da nasa, ƙannensa mata ma su samu shiga. Kada a maimaita abin da muka yi wa yarinyar bakin ƙofa. Maman Abba ma ka miƙa mata, ina kyautata zaton ta yi zamanin maciji a Nokia 3310, kuma masu wannan tarihi ba a raina su.

Sai Yaya. Ka girmama shi, kada ka yi musu da shi, amma ka tambayi kanka: dattawan da ke buga dara a gindin bishiya, da masu ludo da dirafta a majalisa, da masu gemun da ke cika gidan kallon ƙwallo suna ihu kan Arsenal, girman wa ya zube? Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma yi wasa da jikokinsa. Wasa da iyali a cikin gida bai taɓa rage wa namiji komai ba. Iyaka biyu ce ba a taɓawa: in an kira salla a danna Start a tashi tare, kuma ba a sa ko sisi a kan wasa, ko da "wanda aka ci ya sayi lemo" ne, tunda ƙofar da yaron ya faɗa ke nan. Inda Yaya zai iya yin gaskiya shi ne a kanka kai. Na san Master League, ɓangaren gem ɗin ƙwallon da mutum ke gina ƙungiyarsa yana sayen 'yan wasa. Na san yadda mutum ke cewa bari in sayi ɗan baya guda in kwanta, sai ya ji kiran assalatu. In yara sun kwanta a zare waya a naɗe. Telan da ke da kayan mutane a rataye, ga Salla na matsowa, ba ya bukatar sabon dalilin saɓa alƙawari.

Abin da ya rage na hannu ne. Injin da ya shekara goma sha a saman sif ya sha ƙurar hunturu, wataƙila kyankyasai sun yi gida a ciki. Kada ka jona shi kai tsaye. Duba rubutun bayansa tukuna, in 100 ko 120 ka gani, na Japan ne ko Amurka, wutarmu 230 ce, ba tare da na'urar rage wuta ba hayaƙi za ka gani. Ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya duba idon da ke karanta faifai, shi ne ke fara rauni. A sabuwar talabijin mai faɗi hoton zai yi dishi-dishi, wasu ma ba su da ramukan nan uku na jona waya, rawaya da fari da ja, sai an sayi ɗan akwatin da ke juya su zuwa HDMI. In akwai tsohuwar talabijin mai ƙeya a gidan Hajiya ba a amfani da ita, roƙo ta, da ita aka yi gem ɗin kuma a kanta ya fi kyau. Hannu na biyu ka gwada shi a gaban mai shago, kowane maɓalli, musamman R1, jabu sun yi yawa. Ka laluba ƙasan kwalin ko memorin nan mai megabayit 8 yana nan. Ba ya bukatar batir, don haka akwai yiwuwar ƙungiyar da ka gina kana saurayi tana ciki har yanzu, da sunan da ka raɗa mata, wanda nake fatan ba sunan wata budurwa ba ce da ba Maman Abba ba.

Ranar da komai ya haɗu, kada ka yi sanarwa, kada ka kira taron iyali. Bayan Magariba ka zauna a ƙasa gaban talabijin, wayoyi a baje, hannu biyu a kan tabarma. In ya zo wucewa, kada ka ɗago kai. Ka ce, "Abba, idona ba ya gani sosai, zo duba mini, rawayar nan a wane rami take shiga?"